Lambar da Lauyoyi Suka Ce Haramun Ne a Rubuta Ta

A watan Afrilun 2007, lauyoyin AACS LA, ƙungiyar da ke kula da kullen fina-finan faifan HD DVD da Blu-ray, suka shiga aika wa shafukan intanet takardun gargaɗi. Abin da ya tayar musu da hankali wata lamba ce mai haruffa da alƙaluma 32, wadda ta fara da 09 F9. Mabuɗin sirri ce: wanda ya sa ta a manhajar da ta dace zai buɗe fim ya kwafe shi.

Dokar Amurka ta 1998, DMCA, ita ce madogararsu. Ban da satar fasaha, ta haramta fasa kulle da rarraba abin fasa shi, ko da mai rarrabawar bai taɓa kwafar fim ba.

Shafin Digg ya bi umarni, ya dinga goge lambar. Ranar 1 ga Mayu jama'arsa suka yi masa bore, suka cika shafin farko da ita. Wasu suka buga ta a riga, wasu suka rera ta a waƙa, har da masu mayar da ita launukan tuta. A ranar Kevin Rose, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin, ya miƙa wuya.

Kada wannan ya ruɗe ka, yawansu ne ya kare masu yaɗa lambar. Mujallar 2600 da ta wallafa DeCSS, manhajar buɗe faifan DVD, ta sha kaye a kotu a 2000, ta ɗaukaka ƙara da hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki, ta sake faɗuwa a 2001. A shekarar ce aka kama Dmitry Sklyarov, ɗan Rasha, a Las Vegas, bayan ya yi bayani a taro kan raunin kullen littattafan Adobe. Nan dokar ta wuce gona da iri a ganina: idan mai bincike bai isa ya ce kwaɗo ya lalace ba, mai saye ne ke kwana a ciki.

Najeriya ma ta bi sahu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta hana keta irin wannan kariya. Masu shirya fim suna da gaskiyarsu, satar fasaha ta daɗe tana cin Kannywood. Don haka mai tura fina-finai a waya, da mai yaɗa fasasshiyar manhaja ko lambar buɗe ta a zauren WhatsApp, su sani: cewa "ni dai turawa na yi" ba lallai ta fisshe su a gaban alƙali ba.