Sana'ar ƙera jitar lantarki: daga gungume zuwa hannun makaɗi

Idan makaɗi ya sayi sabuwar jitar lantarki ta manyan kuɗi, irin wadda farashinta ya kai dala 5,000 ko fiye, ba ya gaggawar jona ta da lasifika. Da ya buɗe akwati, ƙamshin sabon fenti ne ke fara tarbar sa. Sai ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya shafa bayan wuyanta da tafin hannu, ya bi gefen wuyan da yatsa ya ji ko wani ƙarfe zai karce shi. Daga nan ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya kasa kunne ya ji tsawon lokacin da amon zai ɗauka kafin ya mutu. Cikin 'yan mintocin nan yake sanin ko ya yi sayen nagari. Duk abubuwan da ya duba kuwa aikin hannun wasu bayin Allah ne da suka kwashe watanni a kanta, masassaƙa da masu fenti da masu naɗa waya.

Sana'ar ta yi ƙarfi ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fito da samfurin da aka sa wa suna Telecaster a 1951, ya biyo da Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson ya mayar da martani da Les Paul a 1952. Har gobe waɗannan siffofi uku su ne ginshiƙin kasuwar. Aikin ƙwararru kuwa sashensa daban: kamfanin Fender ya buɗe nasa a garin Corona a 1987, na Gibson yana Nashville, masana'antar Paul Reed Smith, wato PRS, tana Stevensville a jihar Maryland. Bayan su akwai ɗimbin masu zaman kansu, kowa da 'yar rumfarsa.

Aikin daga katako yake farawa. Gangar jikin jitar Fender galibi da icen alda ko ash ake yin ta, wuya kuma da mapul. Les Paul da mahogani ake sassaƙa ta, a manna mata fuskar mapul a sama, shi ya sa ta fi nauyi: takan haura kilo 4, alhali Stratocaster ba ta cika wuce kilo 3 da rabi ba. Mahoganin Afirka da maƙera da dama ke amfani da shi a yau ɗan'uwan maɗacin nan ne na ƙasar Hausa, baƙin icen eboni da ake shimfiɗawa a fuskar wuya kuma dangin kanya ne, yawancinsa daga dazukan Kamaru yake fita. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da wani abokin cinikinsa na Sifen suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam da ke Yawunde. A can ne Bob Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Taylor, ya gano cewa masu sara kan kayar da bishiya kusan 10 kafin su sami ɗaya mai baƙin ciki tsantsa, sauran a bar su su ruɓe a daji. Tun daga nan ya fara karɓar mai ratsi-ratsi, masu saye ma sannu a hankali suka saba da shi.

Ɗanyen katako ba ya yin jita. Sai an shanya shi, an gasa shi a ɗakin busarwa har laimar cikinsa ta sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin 100, sannan a jingine shi ya huta. Maƙeri yakan ɗaga falanki ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara, ya auna shi a sikeli, ya bi zanen jijiyarsa da ido. Mapul mai zane kamar harshen wuta shi ya fi tsada, PRS har daraja yake ba shi, mafi kyau a kira shi mai lamba 10, a ƙara masa kuɗi.

A manyan masana'antu, inji mai aiki da kwamfuta ne ke yanke siffar jiki, ya rarake ramukan da kayan wuta za su zauna. Mai zaman kansa kuwa da zarto da injin hannu da ma'aunin katako yake yi. Amma inji na gama nasa sai a koma hannu. Wuya shi ne ran aikin. Tsirkiya shida idan aka ɗaure su suna jan sa da ƙarfin da ya kai kilo 40 zuwa 50, dare da rana, don haka ake binne sandar ƙarfe a cikinsa, wadda ake murzawa a miƙar da shi idan ya fara lanƙwasa. Bayan wuyan da magagari da samfefa ake gyara shi, mai aikin na shafawa yana ragewa har ya zauna daidai a tafin hannu. Wasu makaɗa mai kauri suke so, wasu siriri, kowa da abin da hannunsa ya saba.

Daga nan sai dasa 'yan ƙarafan da ke gicciye a fuskar wuya, waɗanda ake kira firet, guda 21 ko 22 ko 24. Nan lissafi ne zalla. Tsawon tsirkiyar Fender inci 25 da rabi ne, na Gibson 24 da uku bisa huɗu. Akan raba tsawon da 17.817 a sami gurbin firet na farko, a sake raba abin da ya rage a sami na biyu, haka har ƙarshe, na 12 kuma dole ya faɗo a tsakiyar tsirkiya cif. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya sa jita ta yi ta ƙarya har abada. Bayan an buga su, sai a goge kawunansu su zo tsayi ɗaya, a mayar wa kowanne da doronsa, a dakushe bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Gibson na amfani da wani injin Jamus mai suna Plek wajen daidaita su, amma dakushe baki da goge su har su yi ƙyalli aikin yatsu ne.

Fenti ya fi komai cin lokaci. Jitoci masu tsada da yawa har yanzu da irin fentin zamanin da, mai suna naitaro, ake fesa su, shafi bisa shafi, a bari ya sha iska na makonni. Sannan a goge da samfefa mai laushi da ruwa, a kai wa injin ƙyalli. Idan mai gugar ya zarce ya taɓo katako, aikin makonni ya koma baya. Akwai kuma masu sayen da ba sa son sabon abu ya yi kama da sabo. Tun 1995 Fender ke sayar da jitocin da aka tsufar da gangan, Gibson ma yana da sashen Murphy Lab na wannan aiki. Da hannu ake tsattsaga fentin, a koɗe inda hannu zai koɗe, a dusashe ƙarafa, har ta yi kama da wadda ta sha kiɗan shekara 60. Wannan tsufan na hannu ƙarin kuɗi ne a kan na sabuwa.

Muryar jitar lantarki daga maɗaukin sauti take fitowa, ɗan abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashi, naɗi wajen 8,000 a irin na Stratocaster. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Yawan naɗi da yadda aka ja wayar su ke sauya amo, kuma waya na tsinkewa a tsakiya sai a warware a sake. In an gama a tsoma shi cikin narkakken kaki don kada ya riƙa ƙara. A 1957 Gibson ya fara sa wa Les Paul irin mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙira, wanda ke kashe gurnanin wuta. Wata mata, Abigail Ybarra, ta shiga Fender a 1956, ba ta yi ritaya ba sai 2013, mafi yawan shekarun nan tana naɗa waya. Har yau makaɗa na neman maɗaukin da ke ɗauke da sa hannunta.

Mataki na ƙarshe shi ne saiti. A yanka ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kai, a sauke su har tsakaninsu da firet na 12 ya zama kamar milimita 1 da rabi zuwa 2, a gwada kowane gurbi a ji babu zuza.

To ina kuɗin ke tafiya? Jitar koyo ta Squier, mai rahusa ta kamfanin Fender, ba ta cika wuce dala 200 zuwa 300 ba. Ta sashen ƙwararru na Fender takan fara daga wajen dala 4,000, wadda gwani ɗaya ya yi daga farko har ƙarshe kuwa tana iya ninka haka, kuma sai an bi layi. Ga mai zaman kansa, katako mai kyau da maɗaukan sauti da ƙarafa da fenti da akwati kan lashe fiye da dala 1,000 kafin ya lissafa guminsa. Ga haya, ga wuta, ga gyaran injuna, in kuma ta hannun dillali ya sayar, shi ma da kasonsa. Da yake abin da hannu ɗaya zai iya gamawa a shekara kaɗan ne, da yawansu da gyaran jitocin mutane suke cike giɓi. Sana'a ce ta rufin asiri, masu yin arziki da ita ba su da yawa.

Wahalarta ma a fili take. Ƙurar wasu itatuwa na sa ƙaiƙayi da tari, tururin fenti na cutar da huhu kuma yana kama wuta nan da nan, injin yanka ba ya gafarta wa yatsa. Katako nagari kullum ƙaranci yake yi. Yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin icen rozwud na Birazil tsakanin ƙasashe tun 1992, a 2017 aka sa wa sauran danginsa takunkumi, sai a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa. Kasuwa kuma ba ta da tabbas: Gibson da duk girman sunansa sai da ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2018.

Idan ka saurari waɗanda suka saya, yabonsu kusan iri ɗaya ne. Za ka ji suna cewa wuyan kamar don hannunsu aka yi, tsirkiya ba ta saki ko an sha kiɗa, amo na ratsa katako har su ji shi a ƙirji. Ƙorafinsu ma sananne ne: ta yi nauyi a kafaɗa, ko an ga ɗigon gam, ko bakin firet na karta. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ba ya yafe ƙaramin aibi, kuma yana da gaskiya. Sai dai wani laifin na yanayi ne. Jitar da aka kawo Agadas ko Kano, idan hunturu ya busa, katakon wuyanta zai ɗan tsuke, bakin ƙarafan ya leƙo. Maganinsa a riƙa ajiye ta cikin akwatinta, a kuma kai wa mai gyara ya goge.

Tsada ba ta koya wa mutum kiɗa. Mdou Moctar, makaɗin nan na Abzinawan Nijar da ke zagaya duniya da Stratocaster ta bahago, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Abin da kuɗi ke saya shi ne kayan aikin da ba zai ba mai shi kunya ba, wanda zai iya barin wa ɗansa. Saboda haka duk mai niyyar saye, kada suna ko ƙyallin fenti ya ruɗe shi. Ya riƙe ta, ya duba wuya da firet da saiti, ya saurare ta tun ba a jona ba, domin a nan ake gane maƙerin da ya tsaya ya yi aikinsa tsakani da Allah. In ya same ta haka, ya biya da zuciya ɗaya: sayen nagari, mai da kuɗi gida.