Besbol: idan ƙwallo ta fita daga fili

Ana wasan besbol sosai a Amurka, Japan da Kuba. A filin akwai zango 4, na ƙarshe shi ake kira gida. Daga wannan zango zuwa wancan kimanin mita 27 ne.

Wani lokaci mai jifa yakan jefo wa mai bugu ƙwallo, sai ta tsallake shinge ta faɗa cikin ƴan kallo. Nan take alƙali zai tsayar da wasa. Kowane mai gudu zai ƙara gaba da zango ɗaya tak. Wanda ke zango na 3 sai ya shiga gida, ƙungiyarsa ta samu maki ɗaya. Mummunan jifa ɗaya yana iya kayar da ƙungiya.

Tambaya: Mai gudu yana zango na 1, ƙwallo ta fita. Ina zai tsaya?