Gam mai kamawa nan take: magani a hannun likita, haɗari a cikin gida

Da wuya a shiga kanti ko a tsaya gaban mai tebur a garuruwanmu ba a ga ɗan mitsitsin gam ɗin nan da ake kira Super Glue ba. Da shi muke liƙe takalmi da tabarau da kofin da ya tsage. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka san tarihinsa da irin ɓarnar da yake iya yi.

Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Amurka, Harry Coover, shi ne ya ci karo da sinadarin a shekarar 1942, yana neman roba mai garai-garai ta saitin bindiga. Ya ajiye shi gefe saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa. Sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fitar da shi kasuwa. Sirrinsa kuwa shi ne laima: da zarar ya haɗu da ɗan danshi sai ya daskare cikin daƙiƙoƙi. Wannan ne ya sa yake kama fatar mutum da sauri haka.

Likitocin sojan Amurka sun riƙa fesa shi a kan raunukan sojoji a yaƙin Biyetnam don tsayar da jini kafin a kai su ga tiyata. A 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa mai suna Dermabond domin haɗe yanka a madadin ɗinki. Yau har jijiyoyin da ke zubar da jini a cikin tumbi ana toshewa da irin wannan gam.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Na asibiti daban, na kanti daban. Na kanti yana ƙona tsoka, kuma idan ya fara rugujewa yana fitar da sinadari mai guba ga nama. Duk da haka, da hunturu ya kama muna ganin masu ɗiga shi a cikin faso ko yankan wuƙa. Wanda ya yi haka yana iya rufe ƙwayoyin cuta a cikin ciwon, abin da ya fi muni ga mai ciwon sukari.

Babban haɗarin shi ne na ido. Kwalbar gam ta yi kama da ta maganin ɗigawa, shi ya sa tsofaffi da masu raunin gani kan ɗauki wannan a zaton wancan, musamman da dare. Idan haka ta faru, kada a ɓamɓare fatar idon da ƙarfi. A wanke da ruwa mai ɗumi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle mai laima, a garzaya wurin likita. Galibi idon kan buɗe cikin 'yan kwanaki.

Idan yatsu ne suka manne, a jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulu, ko a shafa mai, a murza a hankali. Ruwan goge jan farce ma yana narkar da shi, amma kada a kusantar da shi ga ido ko baki. Haka kuma kada a goge gam da auduga, domin haɗuwarsu na haifar da zafin da ke iya ƙona fata.

Kiranmu ga iyaye shi ne a raba wurin ajiyar gam da na magani, a kuma ɗora shi inda hannun yara ba zai kai ba. Rigakafi dai ya fi magani.