Masu Suyar Agade a Zangon Kwatano

Da la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi a unguwar Zango ta Kwatano, mata masu suyar agade kan fito da murhu ƙofar gida. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: kasko, matsami, wuƙa, kwando, gawayi da galan ɗin mai. Kafin ladan ya kira magariba a babban masallacin Zango, ƙamshi ya gama lungu, yara sun kewaye kasko kowa da kuɗinsa a dunƙule a hannu. Mutanen Binin aloko suke ce wa wannan suya, Yarabawa kuma dodo.

Agade ba cimar ƙasar Hausa ba ce tun asali. Shuka ce mai son ruwa da laima, ba irin ƙasarmu ta gero da dawa ba. Fatauci ne ya kawo Hausawa da Zabarmawa da Dendawa bakin teku, zama da maƙwabta ya koya wa matansu sarrafa shi har ya zama nasu. Daga gonakin kudancin Binin ake kawo shi, wajajen Allada da kwarin kogin Mono, a sauke a kasuwa. Can mai suya take sammako ta yi ciniki.

A nan kasuwa ake gane gwana, tun ba a hura wuta ba. Ɗanyen agade mai koren ɓawo gari ne zalla, ba zaƙi. Shi ake yankawa siriri a soya ya yi ƙarau, a ƙulla a ajiye ya kwana biyu bai lalace ba. In ɓawo ya yi rawaya, baƙi ya fara ɗigo masa, to garin nan ya soma juyewa sukari, kuma wannan ne na aloko. Mai suya takan latsa da babban yatsa: in ya ɗan lotsa ya tsaya, na yau ne, in ya ƙi, ta ajiye shi a ɗaki ya jira gobe ko jibi. Saboda haka ba ta sayen nunanne kaɗai. Takan haɗa da wanda bai ƙarasa ba, don kada kaya su nuna mata rana guda ta rasa yadda za ta yi da su. Wannan lissafi, a ganina, shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyonsa sai a gindin uwa ko yaya.

Suyar kanta ba ta da wuya, ko a gida mace za ta gama ta kafin ruwan shayi ya tafasa. A tsaga ɓawo, a yanka a karkace ko ƙanana-ƙanana, a barbaɗa gishiri kaɗan. Wasu kan ƙara citta da barkono. Sai dai mai ya yi zafi sosai kafin a zuba: a jefa yanka ɗaya, in ya taso yana tafasa, to bisimilla. Man da bai yi zafi ba agade shanye shi yake yi, ya fito lagwab, a yi asarar mai da ciniki. In wutar ta yi yawa kuma, sukarin ya ƙone a waje, ciki bai dahu ba. Ba a cika kasko, ba a yawan juyawa. Da ya yi ja sai a tsame a kwando. Ba nama a ciki, ba ƙwai, ba madara. Baƙon da bai san wa ya yanka naman gari ba yakan ci wannan hankalinsa kwance.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya nuna ya wuce misali, ɓawo ya yi baƙi ƙirin, mai sayarwa a kasuwa na neman kai da shi. Mai suya takan saye shi da araha, ta dame shi da ɗan gari da gishiri, wata ta sa albasa da yaji, ta riƙa ɗiba tana sakawa a mai kamar ƙosai. Shi ne tale-tale, ana cinsa da soyayyar gyaɗa, kuma sau da yawa ribar yini daga nan take fitowa.

Mai shi ke cin jari. Wasu man gyaɗa suke so, wasu manja, wanda kudancin Binin ya shahara da shi tun zamanin Sarki Gezo na Dahomey, da ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858 ya kuma ƙarfafa noman kwakwar manja. Tsadar mai kan sa wata ta yi ta maimaita shi har ya yi baƙi ya fara ɗaci. Ban ga laifin tattali ba, amma yara ne mafi yawan masu ci, kuma mai saye yana ganewa a harshe, gobe ya koma kaskon gaba.

Ciniki da dala ake yi, kowace dala sefa 5. "Hajiya, zuba mini na dala ashirin, a sa yaji," in ji ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, mai rawayar riga, ko sauka daga babur bai yi ba. "To ɗana, ga gyara." Direbobin manyan motoci da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Nijar su ma abokan ciniki ne na ƙwarai, shi ya sa rufe iyakar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya taɓa har masu kasko. Kafin wannan, a Janairun 2017, hukuma ta tashi masu sana'a daga bakin manyan titunan Kwatano, da yawa suka ja murhunsu zuwa lungu da ƙofar gida. Da azumi kuwa kasko ɗaya ba ya isa: tun azahar ake fara ɓare agade, 'ya'yan gida na yanka, uwa na suya, masu buɗa-baki na miƙo kwano.