Shafin intanet mai nauyi, mai karatu ke biyan kuɗinsa

Kowane shafin intanet yana da nauyi, wanda ake aunawa da kilobait ko megabait. Rubutu, hotuna, bidiyo da tallace-tallace duk suna cikin lissafi, kuma daga datar mai karatu ake cirewa. Wanda ya sayi megabait 100 zai buɗe shafi 50 kacal idan kowanne ya kai megabait 2. Idan kuwa kilobait 200 ne, zai buɗe 500.

Jira ma yana korar mutane. Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga da waya kan fice idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Mai karatu a Garwa ko Kumasi, inda sabis kan yi rauni, shi ya fi jin jiki, amma na birnin Faris ma ba ya son jira.

Hotuna ne kan fi cin wuri. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3, alhali idan aka rage girmansa aka mayar da shi tsarin WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yana iya komawa ƙasa da kilobait 100. Ya kamata rubutu ya fara fitowa, hotunan ƙasa su jira sai mai karatu ya gangaro, bidiyo kuma kada ya kunna kansa.

Shafin da ke da harshe biyu yana da ƙarin aiki. Tsarin UTF-8 yana ɗaukar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na Hausa tare da é da ç na Faransanci, amma sai an zaɓi salon haruffan da ya ƙunshe su, in ba haka ba akwatuna ne za su fito a madadinsu.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. A 2015 Facebook ya fitar da Facebook Lite don ƙananan wayoyi, ya kuma ba ma'aikatansa damar gwada saurin 2G duk ranar Talata. CNN na da shafin rubutu zalla, wanda ya tallata lokacin guguwar Irma a 2017.

Don haka kafin a ƙaddamar da shafi, a gwada shi a waya mai araha, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi. Idan ya buɗe a can, zai buɗe a ko'ina.