Wa Ke Kiwon Kuɗin Fanshonka?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Dutse, malamin Jami'ar Tarayya ne ko ma'aikacin jinya a asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, mai zuba jari ne, ko ya sani ko bai sani ba. Duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, gwamnati ta ɗora kashi 10, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, a danƙa wa wani kamfanin fansho ya riƙa juyawa. Kamfanin yana da kasonsa a cikin dukiyar duk shekara, an ci riba mai kauri ko ba a ci ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da wuya ka ji mai kuɗin ya tambayi yadda ake juya masa su.

Mu mutanen Jigawa ba baƙin ba da kiwo ba ne. Wanda ya ba makiyayi saniya yakan je rugar lokaci-lokaci, ya duba ko ta yi ƙiba, ko ta haihu, ya kuma saci kallon shanun maƙwabta. In ya ga tasa ce kaɗai ke ramewa alhali ciyawa ɗaya suke ci, ya san inda matsalar take. Amma da an zo kan fansho, sai mu wadatu da saƙon waya. Muddin adadin ya fi na bara, sai a ce alhamdulillahi, kuɗi na haihuwa.

Ƙaruwar adadi ba ita ce riba ba. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mu ɗauki misali: kana da naira miliyan 1, kamfani ya samo maka kashi 15 a wannan shekarar, kuɗinka sun zama 1,150,000. To amma abin da miliyan ɗinka ke saye a farkon shekara ya koma kusan 1,350,000. A takarda ka ci gaba, a kasuwar Shuwarin kuwa buhunan geron da za ka iya ɗauka sun ragu. Wannan shi ne ainihin ƙorafin masu jari a ko'ina.

Sai dai a yi adalci. Ba kowace rama ce laifin mai juya kuɗi ba. Mafi yawan dukiyar fansho ta ƙasar nan, wadda ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, bashi aka ba gwamnatin tarayya ta hanyar takardun lamuni, kuma PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ce ke gindaya iyakar abin da za a kai kasuwar hannun jari. A ƙarshen 2020 ribar takardun baitulmali ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, kowane kamfani ya ji a jikinsa. Sakin naira da aka yi a Yunin 2023 ma bai bar kowa ba. Don haka shekara ɗaya ba ta isa a yanke wa kamfani hukunci ba. A ganina, ma'aunin gaskiya shi ne a jera shi da takwarorinsa na tsawon shekara 3 zuwa 5. Wanda kullum yake can ƙasan layi, uzurinsa ya ƙare.

A nan ne mutane ke kuskuren kwatance. Tun Yulin 2018 aka raba kuɗin gida-gida. Asusu na biyu shi ne mazaunin waɗanda ba su kai shekara 50 ba, na uku na waɗanda suka kai, na huɗu na 'yan fansho, na ɗaya kuwa, mai yawan hannun jari da yawan kasada, sai mutum ya nema da kansa. Daga baya aka ƙaro wasu, ciki har da na shida, wanda ba a sa shi a harkar kuɗin ruwa, kuma na san ma'aikata da dama a Dutse da suka daɗe suna jin nauyin wannan batu a zuciya ba su san an buɗe musu ƙofa ba. Kamfanoni suna wallafa farashin kason kowane asusu a shafukansu na intanet. Ka kwatanta asusu na biyu da na biyu, kada ka haɗa shi da na uku.

In ka tabbatar naka kamfanin ya gaza, ba dole ka zauna ba. Daga Nuwamban 2020 PenCom ta ba kowa damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, bayan ya sabunta bayanansa da lambar NIN. Kawai kada ka sauya don wani wakili ya zo ofis da kalanda da murmushi, kuma kada haushi ya kai ka ga masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Waɗanda irin wannan dandali, CBEX, ya rufta da su a Afrilun 2025 ba su gama jinya ba.

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi fa? Nasu daban ne. Tsarin fanshon Jigawa, wanda ya samo asali tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, tukunya ɗaya ce ta kowa: ana tara gudummawar ma'aikaci da ta gwamnati, a ba kamfanoni su juya, a biya mai ritaya gwargwadon albashinsa da shekarun aikinsa. Malamin firamare a Kiyawa ko Jahun ba shi da asusun kansa da zai ɗauke ya kai wani wuri. Idan jarin bai haihu ba, giɓin yana komawa kan baitulmalin jiha, ko kan dattijon da ke zaman jiran garatuti.

Saboda haka nake ganin haƙƙin ma'aikatan Jigawa ne hukumar fanshonsu ta riƙa bayyana musu, duk shekara kuma da Hausa, nawa aka danƙa wa kowane kamfani, nawa ya samo, nawa ya cire a matsayin ladansa. Ƙungiyar ƙwadago da ta malamai su ne ya kamata su nemi wannan a rubuce, su kuma nemi a karɓe kuɗin daga hannun duk kamfanin da ya jera shekaru yana bayan takwarorinsa.