Gwajin Manhaja da Matsayin Mai Gwaji



Da yake ni malamin Hausa ne, bari in fara da kalma. A da in an ce manhaja, tsarin darussan makaranta ake nufi. Yau kalmar ta ƙara wata ma'ana, watau jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta gudanar da wani aiki. Da ita ake lissafin albashin ma'aikaci, da ita kuma ake duba jarrabawar ɗalibi. Ita kuwa kwamfuta abin da aka rubuta mata shi take bi, daidai ne ko kuskure, kuma za ta maimaita shi sau dubu ba tare da ta tsaya ta yi tambaya ba. Wannan shi ya sa dole a gwada manhaja kafin a danƙa ta ga jama'a.

Gwaji ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar shanu ta Wudil ran Juma'a ya san mai saye ba ya dogara da yabon dillali. Sai ya buɗe bakin bijimi ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. To, manomin Lajawa yana iya yi wa bijimi haka, amma 'yarsa da za ta zauna gaban kwamfuta ta ɗauki jarrabawar shiga jami'a ba ta da ikon buɗe cikin manhajar ta duba. Mai gwaji shi ne wakilinta. Aikinsa ya nemo aibi tun kafin aibin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Me ya hana wanda ya rubuta manhajar ya gwada abinsa? Lalle yana gwadawa, amma hakan bai wadatar ba, domin Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Marubuci yakan bi hanyar da ya san za ta ɓulle. Mai gwaji kuwa da gangan yake bin karkatacciyar hanya: ya sa harafi inda ake son lamba, ya bar gurbi ba komai, ya yanke sadarwa ana tsakiyar aiki, sa'an nan ya rubuta abin da ya faru dalla-dalla yadda mai gyara zai iya bin sawunsa.

Gwajin hawa-hawa ne. Da fari ana gwada kowane ɓangare shi kaɗai. Sa'an nan a haɗa ɓangarorin a ga ko sun jitu. Daga nan a ɗora wa manhajar nauyi, kamar a ce mutum dubu hamsin sun shigo lokaci guda. A ƙarshe masu abu su gwada da hannunsu kafin su karɓa. Akwai kuma wanda aka fi yi wa sakaci, watau sake gwaji duk lokacin da aka yi gyara, ko aka kai manhajar sabon wuri.

Misalai biyu sun isa su nuna haɗarin wannan sakaci. Ran 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ba ta cika minti ɗaya da tashi ba. Bincike ya nuna an ɗauko wani sashe na manhajarta daga Ariane 4, inda ya daɗe yana aiki lafiya, ba a kuwa gwada shi da irin saurin sabuwar rokar ba.

Na biyun a gida ya faru. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A 2025 ɗalibai fiye da miliyan 1.9 suka zauna, fiye da miliyan 1.5 kuma suka kasa samun maki 200 daga cikin 400. Da koke ya yi yawa aka sake bincike, kuma ran 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an yi kuskure. An yi wa manhajar wani gyara, amma gyaran bai isa wasu daga cikin na'urorin da ke ciyar da cibiyoyin jarrabawa ba. Abin ya shafi cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ɗalibai 379,997 kuma aka kira su sake zama. A lura, ba a rasa gyara ba. Abin da aka rasa shi ne tabbatar da cewa gyaran ya isa ko'ina.

Mu Hausawa muna da namu rabon a wannan aiki. Manhajar da aka gwada da sunayen Turawa kaɗai tana iya tuntuɓe in ta gamu da Ɗanladi ko Ƙanƙara, ta mai da harafi mai lanƙwasa alamar tambaya. Sunan da ya saɓa tsakanin takardar banki da ta albashi kuwa ya isa ya tsai da kuɗin ma'aikaci. Wanda ya san harshen da mutanensa shi zai tuna ya gwada wannan.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu, musamman na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, kada su ɗauki gwaji ƙaramin aiki. Ku kuma ma'aikata, in an kawo wa ofishinku manhaja, kafin ku sa hannu ku tambaya: wa ya gwada ta, da waɗanne bayanai, ina rahotonsa? Gwaji ba ya ba da tabbacin cewa aibi ya ƙare ƙaf, amma sa hannu ba tare da shi ba cinikin biri a sama ne, kuma talaka ne zai biya.